Sunan Da Kwamfutoci Ke Kira A Madadina

Akwai wata damina da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina. Ita ce daminar da na yi jegon fari a gidanmu na Tamawa, ina kwance cikin tururin ruwan zafi da ƙamshin kanwa, na kuma tayar da wata babbar kwamfuta da ke can Dutsin-Ma ba tare da hannuna ya taɓa ta ba. In na tuna kwanakin nan ba sa zuwa mini a jere. Sai dai su zo a cakuɗe, rabi ido biyu rabi mafarki, da ƙarar ruwan sama a kan kwano da kukan jariri a bayana. Zan yi ƙoƙarin jera su yadda suka faru.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da wani Alhaji ya gina a Dutsin-Ma. Alhajin nan ɗan kasuwar hatsi ne, ya san gero da dawa kamar yunwar cikinsa, amma kwamfuta ko kunna ta bai iya ba. Ya dai lura cewa duk shekara yaran garuruwanmu sai sun yi doguwar tafiya kafin su zana jarrabawar shiga manyan makarantu, sai ya ce me zai hana a kawo musu ita gida. Ni kuwa ya ɗauke ni ne don wanda ya so ɗauka ya sami aiki a birni, kuma bai ɓoye mini hakan ba. Ni ma ban ɓoye masa cewa na ji haushi ba. Ina da taurin kai, wannan kowa ya shaida, don haka na riƙe ɗakin na'urorin nan kamar gonar gado, na ƙudurta a raina cewa ba za a taɓa cewa da namiji ne da ya fi haka ba.

Abin da na fi alfahari da shi a wurin wata tsohuwar kwamfuta ce ƙarama da ke kan wani tebur a lungu, wadda na laƙaba wa suna mai masauki. A aikinmu DHCP ake kiran abin da take yi, amma ni sunan bai taɓa yi mini daɗi a baki ba. Duk kwamfutar da aka kunna, farkon abin da take yi shi ne ta yi sallama ta cikin wayoyi, don ba ta san inda take ba, ba ta ma san ko ita wace ce ba. Mai masauki ce ke amsa mata, ta ba ta adireshi. In kuma wadda babu komai a cikinta ce, sai ta ƙara mata bayani biyu: ga sunan na'urar da za ki je wurinta, ga kuma sunan fayil ɗin da za ki roƙa. Da wannan fayil ɗin baƙuwar za ta jawo sauran kayanta, ta shirya kanta da kanta, babu wanda zai zauna gabanta yana danne-danne. Guraben da ake rubuta bayanan nan biyu suna da lamba, sittin da shida da sittin da bakwai, kuma ni na cika su da hannuna.

Sunan mai masauki daga mahaifina na samo shi, Allah ya jiƙansa. Zaurenmu na Tamawa ba ya rabuwa da baƙi: fatake, masu koro shanu, da duk wanda magariba ta yi masa a hanyar Kurfi. Ina ƙarama nakan laɓe bayan ƙyaure ina kallonsa. Zai shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya nuna masa inda buta take, sannan su zauna su daɗe suna magana ƙasa-ƙasa kafin ya leƙo cikin gida ya ce a kawo kaza da kaza. A lokacin na ɗauka surutu ne kawai irin na manya. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai na yi karatun nan, lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da inji. Ya rasu ina ajin ƙarshe, bai ga ko ɗaya daga cikin na'urorina ba.

To, cikina ya tsufa sai hukumar jarrabawa ta ce dole kowace cibiya ta sa babbar kwamfuta sabuwa, irin wadda muke kira saba, wadda za ta riƙa ciyar da duk ƙananan da ke zauren. Suka ce masu dubawa za su zo su gani da idonsu. Alhaji ya aika a sayo, ni kuma na zauna na rubuta wa mai masauki duk abin da za ta faɗa wa baƙuwar in ta iso, ta yadda ba abin da za a yi illa a jona ta a danna maɓalli. Na kuma bar wa kaina hanyar da zan iya shiga mai masauki daga nesa ta laftof ɗina. Sannan aka mayar da ni gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Lissafina shi ne na'urar za ta riga jariri isowa. Ita ta makara a hanya, shi kuma bai jira kowa ba.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta karɓi ragamar jegon, Inna mahaifiyata kuwa ta koma gefe tana kallo. Gwaggo ba ta san wasa ba. Safe da yamma za a tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini har sai na daina sanin inda fatata ta ƙare da inda tururi ya fara. Daga nan kunun kanwa, sai nama da yaji, sai kwanciya a gadon da aka hura garwashi a ƙarƙashinsa. Jikina ya yi laushi, kaina ya yi sakayau, ina jin muryoyin 'yan barka kamar daga cikin rijiya. Ranar da ta ga na jawo jakar laftof, tsalle ɗaya ta yi ta karɓe.

"Mi za ki yi da abin ga?" in ji ta. "Mai jego da kallon gilashi? So kike idonki ya mutu, nono ya ƙahe? Ba ki taɓa shi sai kin yi arba'in."

Ta kai shi ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado, bayan kwanukan jerenta.

Akwai kuma kunyar ɗan fari, wadda ni da duk karatuna ban tsallake ta ba. A gidanmu uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta tsura masa ido, sunansa kuwa har abada ba zai fito daga bakinta ba. Sai an miƙo mini shi an yi mini tsawa kafin in ba shi nono, ina kawar da kai kamar an sa ni dole. Mata na ta dariya suna yaba kunyata. Ba su san cewa zuciyata kamar ta fashe don son in kalle shi ba. Tunda ɗakin ba ya rabuwa da mutane, sai na koma kwanciya ina fuskantar bango, shi yana bayana a kan shimfiɗarsa, ina sauraronsa. A haka na fara saninsa, da kunne kafin ido. Na gane kukan yunwa gajere ne mai yankewa, na jiƙa kuma yana da ƙorafi a ciki, akwai kuma wani siriri da yake yi in kawai yana son ya ji akwai mutum kusa.

Ana cikin haka wata hantsi Alhaji ya kira.

"Hajiya, barka da arziki. Allah shi raya, shi albarkaci rayuwa." Sai ya gyara murya. "To amma hwa akwai magana."

Na'urar ta iso. Sai dai ba irin wadda na rubuta masa ba ce, mai shagon ya ce masa wannan ta fi zamani, shi kuma ya ɗauka alheri ya yi mini. Sun jona ta, sun danna maɓalli kamar yadda na ce, ta ƙi tashi. Masu dubawa kuwa sun aiko cewa washegarin suna za su zo.

"Ni ba na son in takura maki, kina cikin hali," ya ce. "Akwai wani a Kano, an ce hannunshi da kyau. In ya zo ya tashe ta, sai ya ci gaba da riƙon wurin, ke kuma ki huta ki yi reno."

Ya faɗe ta cikin ladabi, kuma na san har ransa tausayina yake ji. Amma na fahimci abin da ke ciki sarai. In mutumin Kano ya zauna a kujerar nan, ni da ita sai dai kallo. Kuma duk dangin da suka ce me mace za ta yi da inji za su gyaɗa kai su ce ai dama mun faɗa. Na ce wa Alhaji ya ba ni zuwa jajibirin suna. Ya ce to.

Na tunkari Gwaggo da roƙo, ta ce atafau. Na yi mata bayani, ta ce ita ba ta ga abin da ya haɗa ta da injin Alhaji ba. Na yi kuka, ta ce kukan jego ne, kowa ya yi shi. Inna ce, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ta ce a hankali, "Yaya, da mai gidan ga shina raye, da shi zai ɗauko mata da hannunshi." Gwaggo ta kawar da kai. Ƙaninta ne, ita ta goye shi. Can sai ta tashi tana mita, ta dawo da jakar ta dire a gabana.

"Daga la'asar zuwa kiran magariba," ta ce. "Kuma ki yahwa mayahi, kar iskan abin ya shige ki."

Haka na yi aikin nan lulluɓe da mayafi, ina gumi. Sabis ɗin waya a Tamawa sai an lallaɓa shi. A ɗakina wuri ɗaya yake sauka, kan taga ta gabas, don haka na jingina wayata a can cikin wata 'yar ƙwarya tana ba laftof hanyar intanet. Tunda wayata ta shiga aiki, sai da ƙaramar wayar Inna za a yi magana. Wanda zai zama hannuna a Dutsin-Ma kuwa maigidana ne, mai sayar da taki da irin shuka, wanda bai san komai a kwamfuta ba sai tsokanata da yake yi yana kirana Injiniya. Ku yi tunanin mutumin da ko inuwar surukarsa ya hango sai ya canza hanya, ga shi dole ya kira wayarta. Kullum sai ya gaishe ta, ya gaida gida, ya gaida damina, ya tambayi awaki, lokacina na tafiya, kafin Inna ta miƙo mini tana danne dariya.

Yammacin farko ba mu ci nasara ba, na biyu ma haka. Zai danna maɓalli, in ji ƙugin na'urar ta waya, sai ya riƙa karanto mini abin da ke kan allo harafi-harafi kamar mai bitar karatu.

"Injiniya, ta hwarka. Ta yi rubutu layi biyu. Ta tsaya tana tunani." Can sai ya ce, "Ta koma barci."

Daga wajena komai daidai yake. Mai masauki ta ba ta adireshi, ta faɗa mata inda za ta je, ta faɗa mata fayil ɗin da za ta roƙa, kuma ina ganin ta je ta karɓa. Amma da ta karɓa sai ta ajiye, ta mutu, ta sake tashi ta sake sallama. Na duba guraben nan biyu har idona ya yi ruwa, babu harafi ɗaya da ya kauce. Na zargi wayar da aka jona ta da ita, na sa shi ya canza. Na zargi solar da ke ba cibiyar wuta, na zargi mai shagon, na zargi Alhaji a zuciyata da kalmomin da ba zan maimaita ba. Ana kiran magariba Gwaggo za ta rufe laftof ɗin da tafin hannu ko ina tsakiyar rubutu.

Ranar jajibirin suna gidan ya cika. Ana daka a tsakar gida, ana gyaran kaji, dangi na ta sauka daga Kurfi da Ɗantutture. Hadari ya haɗu tun azahar, garin ya yi duhu-duhu mai sanyi. Gwaggo ta yi mini wankan yamma da wuri don ta samu ta ji da baƙi, na dawo na kwanta a gadon garwashi ina fuskantar bango, raina a jagule. Na riga na fara shirya yadda zan ce wa Alhaji ya kira mutumin Kano.

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, kuma har yau ba zan rantse cewa barcin ne ba. Ina dai jin lugude a waje, sai na ga bangon ɗakin ya yi nisa, na tsinci kaina bayan ƙyauren zaurenmu, ƙarama, ƙafata ba takalmi. Zauren ya yi tsawo fiye da yadda na san shi, kujerun cibiyarmu jere a ciki har inda ido ya ƙare, ruwan sama na zuba a waje amma ba ya jiƙa kowa. Mahaifina na zaune a kan buzunsa da farar rigarsa ta gida. A gabansa wani baƙo ne dogo, lulluɓe, ban ga fuskarsa ba, ga kwanon tuwo a gabansa bai taɓa ba. Na ji haushi ya kama ni, na ce, "Baba, na ba shi, ya ƙi ci." Mahaifina bai juyo ba. Ya dai karkata kai wajen baƙon kamar yadda yake yi, ya ce, "Kin ji daga inda ya hito?" Na ce ai ya yi sallama na amsa. Ya ce, "Sallama kika ji. Shi kuwa ya faɗi abin da ya hi sallama."

Kukan jaririn ne ya dawo da ni. Ban juya ba, akwai mata biyu a bakin ƙofa. Ɗaya ta ce yunwa ce, a ba ta shi. Ni kuwa daga jin sautin na san ba yunwa ba ce, siririn kukan nan ne, so yake ya ji mutum. Na miƙa hannu ta baya a ɓoye, ƙarƙashin zane, na ɗora yatsana a tafin ƙafarsa. Ya yi shiru. Ina nan kwance, yatsana a ƙafarsa, sai na tuna abin da mahaifina ke yi a doguwar hirar nan da baƙi. Tambayarsu yake yi. Wani daga kudu ya fito bai saba da tuwon dawa ba, wani ba shi da haƙori, wani azumi yake. Sai ya ji kafin ya ce a kawo kaza da kaza. Ni kuwa kwana da kwanaki ina duba amsar da nake bayarwa, ban taɓa buɗe abin da baƙuwar ke faɗa in ta yi sallama ba.

La'asar na yi na jawo laftof. Maigidana ya kira, ana jin kukan rago a bayansa, don daga kasuwa ya biya da ragon suna ya ɗaure shi a ƙofar cibiya. Na ce ya danna. Wannan karon na buɗe wurin da mai masauki ke ajiye duk maganar da aka yi mata, na karanta sallamar baƙuwar tun daga farko har ƙarshe. Ga shi nan kuwa, a fili, tun ranar farko take faɗa. Kowace na'ura tana haɗa sallamarta da wata lamba da ke nuna irin ƙirarta. Tsofaffin namu duk sifili suke cewa, ita wannan bakwai take cewa. Sabuwar ƙira ce, fayil ɗin da na tanadar mata na tsofaffi ne, ba za ta iya haɗiye shi ba. Irin nata yana nan a cikin mai masauki, ban dai taɓa buƙatarsa ba.

Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Na rubuta wa mai masauki cewa daga yau ta saurara tukuna: wanda ya ce sifili a ba shi wancan, wanda ya ce bakwai a ba shi wannan. Mayafi na zamewa, ruwan sama ya fara sauka a kan kwano. Saura abu ɗaya. Dole in rubuta sunan da baƙuwar za ta ɗauka in ta tashi, don da shi za a riƙa tura ƙananan kwamfutoci wurinta. A da wata lamba na sa mata, amma a wannan yammacin lambar ta yi mini wani iri.

"Malam," na ce, "ana son a ba ta suna. Me za a sa?"

Ya yi 'yar dariya. Tun ranar haihuwa ya yi wa yaron huɗuba a kunne, bai faɗa wa kowa sunan ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba.

"Injiniya," ya ce, muryarsa ta sauka, "ni suna ɗaya gare ni a baki satin ga. Gobe kowa zai ji, amma ke ya kamata ki riga su."

Sai ya faɗi sunan mahaifina.

Duk dangi sun ɗauka sunan nasa mahaifin zai mayar, ni ma haka na ɗauka. Na ja mayafi na rufe fuskata, hawaye na zuba, ina tsoron kar matan bakin ƙofa su ji. Sunan nan yanzu ya haramta a bakina ta hanya biyu, na uba ne kuma na ɗan fari. Amma babu wanda ya taɓa cewa yatsu ma suna da kunya. Na sa hannu na rubuta shi harafi bayan harafi, na adana, na ce wa maigidana ya kashe ta ya sake kunnawa.

"Ta hwarka," ya ce. "Ta yi layi biyu. Ta tsaya." Na tsura wa allona ido. "A'a, ba ta koma ba. Rubutu ne ke ta gudu, Injiniya, ba ni iya karanta shi."

Na ce ya bar shi ya gudu. Muka jira ni da shi, kowa riƙe da waya, ruwa na zuba a Tamawa yana zuba a Dutsin-Ma, rago na kuka a can, jariri na numfashi a nan bayana. A allona ina kallon baƙuwar tana jawo kayanta ɗaya bayan ɗaya, tana shirya kanta a ɗakin da ba na ciki. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, ni dai ji na yi kamar ina shawagi a saman hanyar Kurfi, ina ganin gero kore shar ta ko'ina. Da ta gama ta tashi tsaye, ta amsa sunanta. Na koma gurbi na sittin da shida na ƙananan kwamfutoci, wanda ke nuna musu wurin da za su je, na goge abin da ke ciki na sa sunan nan. Sannan na ce masa ya bi layi ya kunna su duka. Ina jin takunsa cikin zauren, yana dannawa yana wucewa, can ya tsaya ya ce, "Duk sun yi haske."

Daidai nan ladan ya kira magariba. Gwaggo ta shigo da tafin hannunta a shirye, ta ga fuskata, ta tsaya. "An yi?" ta ce. Na gyaɗa kai. Ta rufe laftof ɗin a hankali, ba kamar kullum ba, ta ce, "To, sai a sha kunu."

Da safe aka raɗa suna. Ina ɗaki na ji maroƙi ya ɗaga murya da shi a ƙofar zaure, na ji Gwaggo ta fashe da kuka a tsakar gida tana cewa ƙaninta ya dawo. Washegari masu dubawa suka je cibiya, suka ga komai na aiki, suka tafi. Alhaji ya aiko da buhun gero da saƙon cewa kujerata na jirana, in yi arba'in ɗina a natse. Maganar mutumin Kano ba ta sake tashi ba. Har yau yakan gaya wa abokansa cewa injiniyarsa daga kan gadon jego take ba inji umarni, kamar shi ya koya mini.

Yaron yanzu ya girma, yana zuwa makaranta da jakarsa. Gida duk Abba suke ce masa, ni kuwa ko wannan ba na iya faɗa, sai dai in ce kai, ko yaron nan. Wani lokaci yakan tsaya ya dube ni, kamar yana son ya tambayi dalilin da ya sa ni kaɗai ba na kiransa. An canza na'urori a cibiyar ba sau ɗaya ba, amma duk sabar da aka kawo sunan nan nake mayar mata, kuma babu wanda ya taɓa tambayata dalili. Kowace safiya in na shiga na kunna wuta, kwamfutocin zauren sukan farka ɗaya bayan ɗaya su yi sallama, mai masauki ta saurare su, ta tura su wurin mai sunan, shi kuma ya ba kowa abin da zai iya ci. Nakan tsaya a bakin ƙofa har su gama.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, kafin ka miƙa wa wani abin da ka tanada, ka tsaya ka ji abin da ya zo da shi a bakinsa, mutum ne ko inji. Ta kuma koya mini cewa son da kunya ta hana baki faɗa ba ya mutuwa, hanya yake nema ya fita. Ni ban taɓa kiran sunan ɗana ba, ba kuma zan kira ba. Amma ranar da ya isa ya zauna a zauren nan zana jarrabawa, zan kai shi lungu in nuna masa allon, ya gani da idonsa cewa tun kafin a raɗa masa suna nake sa a kira shi kowace safiya.